Daga Zangon Kumasi Zuwa Kano ta Bakin Teku

Tsakanin filin jirgin sama na Prempeh na Ɗaya da ke Kumasi da filin Malam Aminu Kano da ke Kano akwai kimanin kilomita 1,250, in aka ja layi miƙaƙƙe a kan taswira. Jirgin fasinja na yau da kullum, irin mai cin kilomita 800 a awa, ba zai cika awa biyu ba zai gama da wannan tazara, har da tashi da sauka. Filayen biyu kuma kowanne na amsa sunan na ƙasa da ƙasa. Sai dai babu jirgin da ke bin wannan layi. Duk wanda ya tashi daga Zangon Kumasi zai je Kano ta sama, kudu zai fara dosa, ya ba Kano baya, ya sauka Akra, ya bi bakin teku zuwa Legas, sannan ya juya ya fuskanci arewa.

Biki ne ya kai mu. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ce babbar da ta rage a gidanmu na Aboabo, dangin Kano kuwa suka aiko cewa ba za a ɗaura auren 'yarsu ba sai ƙafarta ta taka gidan. Zumuncin ya haura shekara ɗari. Kakan Gwaggo bafatake ne, ya riƙa zuwa Salaga da ayari, da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin sai ya bi sahun waɗanda suka gangara kudu, daga baya ya kafa gida a Kumasi, ya bar ƙannensa a Kano. Tun daga lokacin ba a yanke ba. Ana aure, ana suna, ana ta'aziyya, wani ya je wani ya zo.

Yawancin masu zuwan nan ta mota suke bi. Kumasi zuwa Akra kilomita 250 ne, amma hanyar takan ci awa biyar zuwa shida saboda manyan motoci da cunkoson shiga gari. Daga nan sai Aflawo, a shiga Togo, a fita a shiga Benin, a ratsa Kwatano, a kai Seme, iyaka uku ke nan, kowacce da saukarta da layinta. In an kai Legas kuma akwai sauran kilomita 1,000 da 'yan kai. Gwaggo ta sha yin wannan tafiya da ƙuruciyarta. Yanzu gwiwa ta ƙi. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗi, aka ce ni zan raka ta.

Filin jirgin maƙwabcinmu ne. Daga Aboabo in ka hau ɗan keken nan mai ƙafa uku, kafin ka gama gaisawa da direba kun kai shataletalen filin. Yaran Sawaba ko agogo ba sa bukata, da ƙarar jirgin safe suke sanin sun makara makaranta. Filin ya daɗe, tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma sabon ginin a ranar 10 ga Mayun 2024 aka buɗe shi. Shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu suka yi bikin, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya, sarkin da Turawan Ingila suka kama a 1896, suka yi ta yawo da shi har tsibirin Seychelles, bai ga Kumasi ba sai 1924. An ce ginin zai iya ɗaukar fasinja 800,000 a shekara. A Zango abin da aka fi zance a kai shi ne aikin Hajji. Tun 2016 alhazan arewacin Ghana suke tashi daga Tamale kai tsaye zuwa Saudiyya, mu kuwa namu sai sun tafi Akra sun yi zaman jira. Kowa ya sa rai. Amma a lokacin tafiyarmu titin da jirgi ke gudu a kai tsawonsa mita 1,981 ne, bai kai kilomita biyu ba, manyan jirage masu nisan zango ba sa iya tashi a kansa da cikakken kaya. A lokacin ana aikin ƙara shi. A hunturun da muka yi tafiyar, duk jirgin da ke kan allo Akra za shi.

Da asuba muka isa, sanyi na busawa, leɓe duk ya bushe. Akwatinmu biyu, sai kuma abin da na yi ta roƙon Gwaggo ta bari ta ƙi: ɗan huhun goro. Ita da kanta ta zaɓe shi ɗaya bayan ɗaya, fari da ja, ta jera cikin ganye, ta yayyafa ruwa, aka naɗe da buhu aka ɗaure da igiya tamau. Da aka ɗora shi a ma'auni sai ma'aikaciyar ta dubi allo, ta dube ni. Kaya sun wuce ƙa'ida.

Na sunkuya na ce, "Gwaggo, Kano fa akwai kasuwar goro sukutum a Mariri. Can sai mu saya."

Ta ce, "Kai ɗan nan, na ƙasar Yarabawa ne a can. Ni in tashi daga Asante in shiga gidan ubana hannu na dukan cinya? Biya su."

Na biya.

Ƙaramin jirgi ne, wanda dogon mutum sai ya rusuna kafin ya shiga. Tsakanin Kumasi da Akra ta sama kilomita 200 ne, kuma tafiyar ba ta wuce minti 40. Jim kaɗan da tashi, ta gefen taga, tafkin Bosomtwe ya bayyana a ƙarƙashinmu, zagayayye, tsaunuka sun kewaye shi, hazo ya sa ruwan ya yi fari-fari. Masana sun ce wani dutse ne ya faɗo daga sama shekaru kimanin miliyan ɗaya da suka wuce ya haƙa ramin. Na nuna wa Gwaggo. Ta leƙa sau ɗaya ta ce Allah mai iko, ta koma kan carbinta. Ba a gama karɓar kofunan ruwa ba aka ce a ɗaura ɗamara, za mu sauka.

A Akra ne aka fara zaman. Jiragen cikin gida gininsu daban, na waje kuma suna tashi daga gini na uku, wanda aka buɗe a 2018. Ka karɓi kayanka, ka tura su zuwa can, ka sake shiga layin awo, ka sake biyan kuɗin goro, ka nuna fasfo da katin rigakafin shawara. Biza dai babu, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90. Jirgin Legas sai da rana. Muka sami kujeru kusa da babban allo, na zauna ina karanta sunayen garuruwa: Landan, Amstadam, Dubai, Istanbul, Addis Ababa, Abijan, Abuja, Legas. Daga Akra zuwa Landan kilomita 5,100 ne, ninki huɗu na tsakaninmu da Kano, jirgi kuma yakan yi shi cikin abin da bai kai awa bakwai ba, ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Wanda ya bar Akra tare da mu ya nufi Ingila zai riga mu kwanciya a gado.

A zaman nan ne Gwaggo ta saki baki, don ita jira ba ya damunta in akwai mai saurare. Ta shiga ba ni labarin hanyar kakanta kamar yadda ta ji a bakin manya. Ayari ya tashi daga Kano bayan damina, madugu a gaba da jagaba, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu. A bi ta yamma, a haye Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, a biya kuɗin fito, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi suna, a wuce Nikki da Jugu, a biya garama gari bayan gari, har a kai Yendi, a faɗa Salaga. Wata biyu zuwa uku a hanya, in an yi sa'a. A sayar, a sayi goro, a juyo, kullum ana kwance shi ana tsince wanda ya fara lalacewa ana yayyafa wa saura ruwa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a kan wannan hanya suka yi arziki.

Ina saurarenta ina kallon taswira a waya, sai na lura da wani abu. Hanyar da take lissafawa, duk da karkace-karkacenta, ita ce ta fi kusa da layin nan miƙaƙƙe na kilomita 1,250. Masu jakuna su ne suka bi gajeriyar hanya. Wadda muke bi da jirgi kuwa ta wasu ce daban, kuma an san waɗanda suka fara ta. Da layin dogo ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, wani kuma ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai masu wayo cikin fatake suka ga ba dalilin wahalar da jaki. A loda goro a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Legas, a sake loda shi a jirgin ƙasa zuwa Kano. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya yi zaman Gwanja da Akra da ƙuruciyarsa, yana cikin na farkon da suka kama wannan dabara, kuma da ita ya kafa jarin da ya shiga cinikin gyaɗa har ya zama attajirin da ba kamarsa a Afirka ta Yamma kafin rasuwarsa a 1955. Kumasi, bakin teku, Legas, Kano. Tikitocin da ke aljihuna ba su ƙara ko gari ɗaya a kan wannan jeri ba, ba su kuma rage ba.

A zamanin Ɗantata hikima ce, don jirgin ruwa dole ya bi ruwa, jirgin ƙasa dole ya bi ƙarfe. Jirgin sama fa me ya ɗaure shi? Ba kogi a gabansa, ba ƙasar Bargu. Abin da ya ɗaure shi shi ne tsarin da Turawa suka bari, inda kowace hanya ke gangarawa tashar ruwa, da kuma lissafin 'yan kasuwa. Kamfanonin gwamnati da a da kan iya riƙe hanya ko ba riba mai yawa duk sun mutu: Air Afrique a 2002, Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, Ghana Airways ya bi bayansu ba da daɗewa ba. Ministoci sun sa hannu a Yamusukuro a 1999 cewa za a buɗe sararin Afirka ga jiragen Afirka, shugabanni kuma suka ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a Addis Ababa a Janairun 2018. Takardu dai sun cika. Amma ka duba tikitinka na Akra zuwa Legas ka ga yadda haraji da kuɗin fili suka cinye babban kaso na abin da ka biya.

Masu kamfani za su ce babu fasinja tsakanin Kumasi da Kano. Ni ban yarda ba. Fasinja suna nan, suna cikin dogayen motocin da ke tashi dare da rana, da 'yan tireda, da masu kai amarya, da almajiran da ke tafiya karatu Kano da Zariya. Tsada ta hana su hawa jirgi, kamfani kuma wanda ya sayi tikiti kaɗai yake ƙirgawa. Tun da ba a gan su a lissafi ba sai a ce babu su, tun da an ce babu su ba za a buɗe hanyar da za ta sauko da farashi ba.

Akra zuwa Legas kilomita 400 ne, abin da bai kai awa ɗaya ba a sama. Jirgin yakan bi gaɓar teku, in gari ya yi haske kana iya ganin inda kogin Volta ya shiga teku a Ada, ka ga Lome, ka ga Kwatano. Iyakokin nan uku da kan cinye wa mai mota yini guda, mun tsallake su ana raba biskit. Da za mu sauka aka tuna mana mu ƙara awa ɗaya a agogo, don Najeriya na gaban Ghana. Gwaggo ta ce a bar mata nata yadda yake, tana so ta riƙa sanin lokacin da jikokinta ke tasowa daga makaranta.

Filin Murtala Muhammed ya karɓe mu da zafi da hayaniya. Nan ma jiragen cikin gida ba a gini ɗaya suke da na waje ba, kuma ba tafiyar ƙafa ba ce, sai ka fita titi ka ɗauki mota, ka shiga cunkoson Ikeja da akwatunanka. Ga wani abin da mai shirin irin wannan tafiya ya kamata ya sani: tikitocin nan uku ba su san juna ba. In jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, asararka ce. Shi ya sa dole ka bar rata mai faɗi tsakanin kowane biyu, ratar nan kuwa ita ce ainihin tafiyar. Muka canza sidi zuwa naira, aka sake auna goro, muka haɗa Azahar da La'asar muka yi ƙasaru, muka zauna jiran jirgin yamma.

Magariba ta kawo jiki aka yi sanarwa cewa hazo ya rufe Kano, matuƙi ba zai ga titin sauka ba, a dakata. Aka dakata. Bayan Isha'i aka ce sai da safe. Wasu suka taso wa ma'aikata da faɗa, wani mai babbar riga yana ta buga tebur yana cewa yana da taro. Ban ga laifin kowa ba. Ƙurar nan daga Sahara take tasowa, ta ƙwarin Bodele a ƙasar Chadi, iskar hunturu ta kwaso ta, kuma duk shekara tsakanin Disamba da Fabrairu sai ta hana jirage sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Na dubi Gwaggo ina tunanin inda zan kai tsohuwa a daren Legas. Ita kuwa har ta ɗaure bakin jakarta.

"Hanyar lafiya a bi ta da shekara," in ji ta. "Tashi mu je Agege."

Ashe tana da mutane a can, ɗiyar wata ƙawarta da aka aurar daga Kumasi shekaru da dama. Agege ba ta da nisa da filin jirgin, kuma wanda ya tashi a Zango in ya shiga unguwar Hausawan Agege da dare ba zai ji baƙunta ba. Mai shayi na nan da tulin burodinsa, mai tsire na juya nama, rediyo na kama tashar Hausa, ana alwala a bakin kwata. Goro ne ya kafa wurin, shi da tashar jirgin ƙasa. Da manoman ƙasar Yarabawa suka rungumi shuka irin goron Gwanja a farkon ƙarni na 20, a nan kewayen Agege abin ya fara ƙarfi kafin ya bazu zuwa Shagamu da sauran wurare, fatake suka ga abin da suke zuwa nema har Asante ya zo bakin layin dogo. Daga nan kasuwar goron Ghana a Kano ta fara ja da baya. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwambar 1969 ta ƙara kwashe 'yan kasuwa da yawa daga zangunan Ghana, wasunsu a nan suka sauke kaya ba su ƙara gaba ba.

Matar gidan ta rasa inda za ta sa mu don murna. "Sannu da zuwa Hajiya, sannu da hanya. Yaya mutanen Kumasi? Yaya su Inna?" Aka kawo tuwo da miyar kuka, aka shimfiɗa wa Gwaggo a gadon matar gida. Kafin ta kwanta sai da ta sa na kwance huhun. Ta zauna a bakin tabarma, ta ɗaga ganyen, ta bi goron da yatsa, ta fitar da guda biyu da suka fara laushi, ta yayyafa ruwa, ta ware ƙwarya guda ta ba masu gida, aka mayar aka ɗaure.

Washegari da hantsi hazon ya ɗan sassauta. Legas zuwa Kano kimanin kilomita 830 ne, awa ɗaya da rabi. Daga taga kana ganin ƙasa na sauya launi, koren kurmi ya koma ruwan toka, a tsallake Kwara, sai jar ƙasa da gonakin da aka girbe. Wajen sauka komai ya dushe cikin ƙura, gidajen Kano ba su fito ba sai da muka kusa taɓa su.

Filin da muka sauka ya girmi duk waɗanda muka baro. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a Nuwambar 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila uku suka iso daga Masar, kuma tun 1936 filin ke aiki. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi aka harhaɗa a Takoradi, can ƙasarmu, aka tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Alƙahira. Bayan yaƙi, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka nan suke tsayawa shan mai bayan sun haye Sahara. Da aka ƙera jirage masu dogon numfashi sai suka riƙa wucewa ta sama. Kamfanin jiragen KLM ya daɗe yana zuwa, shi ma ya janye a 2012. Yau jiragen waje da ke sauka Kano galibi gabas suke fuskanta, Jidda da Madina da Alƙahira da Addis Ababa. Yamma, inda dangi suke, shiru.

A mota na yi lissafin. Mun yi kimanin kilomita 1,430 a sama maimakon 1,250, bambancin bai taka kara ya karya ba. Zamanmu cikin jirage uku bai wuce awa uku da 'yan mintoci ba. Amma daga ƙofar gidanmu a Aboabo zuwa ƙofar gidan biki, yini ne da kwana da rabin wani yinin. Ko da hazo bai tare mu ba, da asuba za mu fita mu isa bayan Isha'i. Na faɗa wa Gwaggo haka, na ce tafiyar awa biyu ce fa aka mayar mana haka. Ta ce ita kakanta wata uku yake yi, kuma ba kowa ke dawowa ba, in bar ta ta ji da gaisuwa. Ba mu daidaita ba. Ita da jaki take aunawa, ni da jirgin Landan.

Goron ya isa lafiya. Ranar ɗaurin aure aka fito da shi a faranti daban, ana cewa wannan na Gwanja ne, Hajiyar Kumasi ce ta zo da shi. Wani dattijo a zauren ya ɓare ɗaya, ya tauna, ya ce rabonsa da irinsa tun yana yaro yana bin mahaifinsa kasuwa, ya soke biyu a aljihu. Samarin gidan kuwa da suka ji abin da muka kashe a tikiti sai suka ce in Allah ya kai mu bikin Kumasi su ta Seme za su bi, ko da za su kwana uku a mota.

Ana gobe za mu juyo na shiga ɗakin Gwaggo na tarar ta baje kaya a ƙasa: kilishi, turaren wuta, atamfofi da shadda daga Kantin Kwari, kuka da kuɓewa busasshiya, tabarmi biyu, da wata tukunyar ƙarfe da ta ce ba a samun irinta a Kejetiya. Ma'auni uku ke jiranmu a hanya. Na ce, "Gwaggo, wannan ai ya ninka goron." Ta ce in je in nemo igiya.